Wanda Ya Shigo Bayan Kausara

Da hantsin Laraba aka aika kiran Baba Jibirilu mai bin sawu. Kafin ya iso garken Alhaji Iddi da ke bayan garin Bawku, jama'a sun riga sun yi abin da suka fi iyawa, wato sun tattake wurin kaf, sun kuma gama yanke hukunci.

Bijimai tara aka kwashe cikin arba'in, kuma zaɓa aka yi, don ba a taɓa ramamme ko ɗaya ba. Igiyoyin ma a tsanake aka kwance su aka rataye a turke. Alhaji Iddi na tsaye a tsakiyar garken, hula a karkace, sai huci yake yi.

"Baba Jibirilu, shanuna kawai za ka nemo mini," in ji shi. "Ɓarawo kam mun san shi. Duba nan."

Ya miƙo waya. Jibirilu bai karɓa ba. Ba ya karatun boko, kuma shi da wayar nan ba sa ga-maciji. Shekara biyu ke nan da ƙungiyar fataken dabbobi ta Bawku da Yendi da Salaga ta koma aiki da manhaja. Duk dabbar da za a gangara da ita kudu, sai magatakardan ƙungiya ya shigar da alamar da ke jikinta, ya ba da takardar wucewa da za a nuna a kowane shingen hanya. Tun daga nan satar shanu ta ragu, aikin mai bin sawu ma ya ragu tare da ita. Jibirilu bai taɓa cewa yana baƙin cikin haka ba, amma bai taɓa cewa yana murna ba.

"Karanta mini," ya ce.

Alhaji Iddi ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji. An sayar da bijimai tara masu alamarsa, an ba su izinin wucewa har Salaga. Ofishin Yendi ne ya ba da takardar ranar Litinin, ƙarfe ɗaya da minti huɗu na rana, kwana biyu cur kafin a yi satar. Mai sa hannu kuwa magatakardar ofishin ce, Kausara Ayyub.

Shekara ashirin Jibirilu ya yi yana bin sawu tare da mahaifinta, marigayi Ayyub, kuma shi da hannunsa ya yanka ragon sunan yarinyar nan.

"Shugaban ƙungiya ya riga ya karɓe makullin ofis daga hannunta," in ji Alhaji Iddi. "Ranar Litinin za a zauna a Yendi. Daga wurin zaman sai hannun 'yan sanda. Mace a ofishin shanu! Tun farko na faɗa."

Jibirilu ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ratsa taron ya fita.

* * *

Shekaru sun koya masa cewa 'yan kallo ba sa wuce taku ɗari, rana ce ke korar su. Bayan taku ɗarin nan ƙasa ta fara magana.

Ɓarayin sun san aiki. Sun kora bijiman suka hau da su kan burtalin da wani babban garken Fulani ke bi zuwa mashaya kowace asuba, shanu sun fi ɗari biyu, suka bar sawu ya haɗiye sawu. Wanda bai sani ba zai ce nan magana ta ƙare. Sai dai bijimin da aka turke wata shida ana ɗura masa dusa ba ya taka ƙasa irin takun saniyar daji. Kofatonsa ya fi nutsewa, takunsa kuma gajere ne. Jibirilu ya bi su a sunkuye, yana tsintar masu nauyi cikin marasa nauyi, har inda suka ratse suka nufi bakin wani kwari.

A nan aka yi lodi. Lori ya ja da baya ya jingina da gaɓa, kuma tayarsa ta baya ta hagu tana da faci. Gefe guda kuma babur ya tsaya ya daɗe, mai shi bai ko sauka ba, ƙafa ɗaya kawai ya dafa a ƙasa. Tayar bayan babur ɗin na da wata tsaga a karkace. Jibirilu ya karyo tsinken ciyawa, ya auna tsawon tsagar, ya gutsure daidai ya soke a cikin hularsa.

* * *

Washegari da rana ya sauka a Yendi, kuma bai sha wahalar neman lorin ba. Yana tsaye a tasha da facinsa, direban kuwa yana ƙarƙashinsa yana sharar barci, ya yi matashi da takalminsa. Sunansa Nazif. Da aka tashe shi ya ji maganar, barci ya washe nan take.

"Baba, wallahi ni haya aka yi!" in ji shi. "Mutum ya kira ni a waya, ya ce in zo bakin kwari da asuba. Na ce ina pepa, takardan wucewa? Ya turo. Na duba, pepa mai kyau paa. Kowane bariya, shingen hanya, sun duba, sun ce in wuce."

"Wa ka gani a wurin?"

"Makiyaya biyu, ban san su ba. Da wani a kan moto, babur ke nan, ya rufe kai da hular kwano. Bai sauka ba, bai ce kome ba."

"Lambar da ta kira ka fa?"

"Ga shi nan. Tun jiya ina kira, yana shiga, ba a ɗauka."

Jibirilu ya yarda da shi. Mutumin da ya san kayan sata ya ɗauka ba ya zuwa ya baje a tsakiyar tasha da rana tsaka, kuma ba ya rawar jiki wajen kwatanta inda ya sauke kayan. Nazif har zana masa hanyar ya yi a ƙasa da yatsa.

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne a bakin kasuwar dabbobi, da baranda da dogon benci. A kulle yake, amma barandar cike take da masu fashin baƙi. Wanda muryarsa ta fi fita shi ne Samed, babban dillali mai sayar da shanu lori-lori, mutum mai fara'a da saurin miƙa hannu. Ya tashi ya ba Jibirilu wurinsa.

"Baba, abin ya ba mu kunya," ya ce yana girgiza kai. "Yarinyan nan mun ɗauke shi kamar ƙanwa. Amma ka bincika Jalil ma. Shi ma yana da makullin durowa inda ake ajiye wayan ofis, kuma kowa ya san yana son kujeran."

Jalil shi ne magatakarda na biyu. Jibirilu ya same shi a rumfar mai shayi, ya tarar da mutum mai ɗacin rai wanda bai iya ɓoye shi ba.

"Na girme ta a aiki, aka ɗora ta a kaina," in ji Jalil. "Ban ji daɗi ba, har gobe ban ji ba. Amma ranar Litinin ina kasuwar Gushegu tun safe har la'asar, mutum ɗari sun gan ni. Kuma in gaya maka gaskiya, Baba, ba na sonta a kujerar nan, amma ba ɓarauniya ba ce."

Kafin ya bar wurin, Jibirilu ya zagaya baburan da ke jere a gaban ofis yana duba tayoyinsu. Babu mai tsaga.

* * *

A zauren gidansu Kausara ta fito ta durƙusa ta gaishe shi. Ta rame cikin kwana ɗaya, amma idonta a bushe yake. Ya so a ce kuka take yi, da ya fi sanin yadda zai yi da ita.

"'Yata, ba zan tambaye ki ko kin yi ba," ya ce. "Gaya mini yadda Litinin ɗinki ta kasance."

"Kamar kullum, Baba. Da an kira Azahar sai in sa wayar ofis a durowa in kulle, in kulle ɗaki, in bi mata masu tuwo zuwa masallacin bayan kasuwa. Sun ce za su yi shaida, aka ce shaidar ƙawaye ce."

"Wa ya san kalmar sirrinki?"

"Babu. Ko a takarda ban taɓa rubuta ta ba."

"In kun tafi salla, wa ke zama a ofis?"

"Kasuwar ma watsewa take yi. Sai dai baranda ba a hana kowa. Fatake matafiya kan zauna a benci su huta, su yi amfani da intanet ɗin ofis. Kalmar shigarsa ma a bango aka rubuta, shugaba ya ce abin kunya ne baƙo ya roƙa."

"Aikinki na ƙarshe kafin ki tafi?"

Ta yi ɗan tunani. "Tunkiya ɗaya ce, ta Samed. Ya zo ana gab da kiran salla, ya ce in taimaka, sauri yake yi."

Sai ta ɗago. "Baba, sunana ne a jiki. Ni kaina da na gani sai da na yi shakkar kaina. In suka kai ni, ko an sake ni gobe, wa zai ƙara ba ni amanar ko da kaza a garin nan?"

Jibirilu ya miƙe ya ce zai wuce Salaga.

* * *

Da safiyar Juma'a ya tsaya inda Nazif ya sauke kaya, kafin hantsi ya ɗaga ya bi sawu har wani shinge a kan hanyar Makango. Bijimai bakwai ya tarar suna tuƙa, ana hutar da su kafin a tsallaka da su ruwa ranar Asabar. Biyu sun riga sun shiga hannun mahauta. Makiyayan da suka hango shi tafe da ɗan sanda suka zuba a guje cikin daji.

Alhaji Iddi har da kabbara a waya. "Aikinka ya yi kyau! Dawo gida, sauran na hukuma ne."

"Da saura," in ji Jibirilu, ya miƙa wa ɗan sandan wayarsa.

Bayan an sauko daga masallaci ya nemi shagon Raihanatu a cikin Salaga. Ita ce ta gina manhajar ƙungiya, kuma daga ɗan shagonta na gyaran waya take kula da ita. Mace ce mai gilashi da saurin magana, irin waɗanda ke ba ka amsa kafin ka gama tambaya. Ta kawo masa ruwa da girmamawa, amma ta riga ta shirya abin da za ta ce.

"Baba, ni ma abin ya dame ni. Kausara ƙawata ce. Amma na duba sau goma. Inji ba ya ƙarya."

"Ƙasa ma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, amma na sha karanta ta ba daidai ba. Injin naki yana ajiye sawun masu shiga?"

"Kome yana rubutawa."

"To karanta mini na ranar. A hankali, kamar kina karanta wa kurma."

Ta juyo da kwamfutarta. Ta bayyana masa cewa akwai wata babbar kwamfuta da suke kira saba, can nesa, wadda duk wayoyin ƙungiya ke aika wa saƙo tana amsawa. Sannan ta fara.

"Ƙarfe ɗaya da minti uku, layi ya buɗe daga ofishin Yendi. Saba ta nemi suna da kalmar sirri. Kausara ta bayar. Tunkiya ɗaya, ta Samed. Ƙarfe ɗaya da minti huɗu, bijimai tara, na Alhaji Iddi."

"Tsaya. Na biyun nan, wa ya tambaye shi sunansa?"

"Ba a sake tambaya. Ai layi ɗaya ne."

"Me ya sa layin bai rufe ba bayan tunkiya?"

Raihanatu ta gyara gilashinta. "Ni na bar shi. Ka san netwok ɗinmu. A ƙa'idar HTTP, wadda waya da saba ke magana da ita, kana iya buɗe layi ka aika saƙo a amsa a rufe, in za ka sake aikawa ka sake buɗewa. Buɗewar nan ce ke cin lokaci. Da muka fara, fatake suna tsaye a rana suna zagina. Sai na ce wa saba ta riƙa barin layi a buɗe minti biyu ko wani saƙon zai biyo. Mu keep-alive muke ce masa, kowa na yi, ba laifi ba ne. A Yendi kuma na sa wani ɗan akwati da ke tattara saƙon duk wayar da ta hau intanet ɗin ofis, ya tura ta layin da ya samu a buɗe, don a rage cin data."

"Duk wayar da ta hau?"

"Duk wa..." Ta tsaya.

"Suna kuma a bakin layi kawai ake tambaya."

Ya ga hannunta ya tsaya cak a kan madannai.

"A Bawku," in ji shi a hankali, "ɓarayin nan sun ɗora shanun sata a kan burtalin garken mutanen kirki. Wanda ya duba sama-sama garke ɗaya zai gani. Akwatin naki yana bambanta waya da waya?"

Akwai wani layin rubutu a gefe da ba ta taɓa damuwa da shi ba, inda akwatin ke ajiye lambar jikin kowace waya. Ta duba. Lambar wayar tunkiya daban, ta bijimai daban. Ta kama baƙuwar lambar ta bi ta baya. Sau uku ta bayyana kafin ranar, duk ranar Litinin, duk gab da Azahar, duk cikin minti ɗaya bayan Kausara ta gama aiki. A waɗancan ranakun mai wayar bai taɓa kome ba. Shafin magatakarda kawai ya buɗe ya leƙa ya fita.

"Gwaji yake yi," in ji Jibirilu. "Aikin da Kausara ta yi kafin kowace leƙawa, na wa ne?"

Ta karanta. Tunkiya ɗaya, ta Samed. Tunkiya ɗaya, ta Samed. Na ukun ma haka.

Jibirilu ya yi wata gajeriyar dariya mara daɗi. "Mutumin da ke sayar da shanu lori-lori, me ya haɗa shi da tunkiya ɗaya kowace Litinin?"

Raihanatu ta cire gilashin ta share fuska. "Yanzun nan zan rufe. Layi ɗaya ne zan rubuta, duk saƙon da aka amsa saba ta kashe layin. Ba wanda zai sani."

"Shi ne abin da ba na so."

"Baba, shekara biyu na yi ina lallashin dattawan nan kafin su yarda da aikina. In na tsaya a gabansu na ce ni na bar wa ɓarawo hanya, sun gama da ni."

"Mai yiwuwa. Amma in kika cike ramin a ɓoye, Kausara na ciki kika cike shi. Ba wanda zai yarda da abin da bai gani da idonsa ba. Ofishin Yendi a kulle yake har Litinin, ba abin da zai ƙara ɓata. Ki bar shi yadda yake, ki zo ki nuna musu."

Tausayinta ya kama shi, don ya san zafin mutum ya tona kuskurensa da bakinsa. Can ta ce, "Motar Yendi ƙarfe shida take tashi."

* * *

Ranar Litinin barandar ofis ba masaka tsinke. Shugaban ƙungiya na kan kujera, Alhaji Iddi a damansa, ya taso tun daga Bawku. Jalil da Nazif da Samed suna kan benci. 'Yan sanda biyu na jira a gindin mangwaro. Kausara na zaune a kan tabarma a gefe ita kaɗai, matan da ke wurin ma sun bar tazara tsakaninsu da ita.

Raihanatu ta miƙe. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta roƙi shugaba ya shiga manhaja da sunansa da kalmar sirrinsa, ya duba kowace dabba ya ga dama. Ya yi, yana ɗaure fuska. Nan take ta karɓi wayar Nazif, ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta miƙa wa Jibirilu.

"Baba, danna koren nan."

Ya danna da ɗan yatsa kamar mai taɓa garwashi.

"Ranka ya daɗe, duba wayarka," in ji ta.

Shugaba ya duba, ya sake dubawa, ya matso da ita kusa da ido. An sayar da saniyar tatsar gidansa, an ba ta izinin wucewa har Salaga, kuma shi ne mai sa hannu.

"Ni? Yaushe?"

"Yanzun nan, a gaban shaidu," in ji Jibirilu. "Ga 'yan sanda can suna jira."

Wasu suka fashe da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya gane abin da ya gani. Raihanatu ta faɗi sauran da bakinta: layin da ta bari a buɗe don sauri, da akwatin da ke cusa saƙon kowa a cikinsa, da sabar da ba ta tambayar suna sai a farko.

"Kuskurena ne," ta ce. "Ba na Kausara ba."

Ta buɗe kwamfutarta ta rubuta layin nan ɗaya. Aka sake gwadawa. Shugaba ya shiga ya fita, Jibirilu ya danna kore. Wayar ta yi ɗan jinkiri, sannan ta tambaye shi ko shi wane ne.

"To wa ya yi?" in ji Alhaji Iddi, muryarsa ta sauka.

"Wayar da ta yi aikin ta san intanet ɗin nan, da ta iso take hawa da kanta," in ji Raihanatu. "Yanzu haka ina ganinta. Tana cikin filin nan. Kowa ya kashe wayarsa."

Aka shiga laluben aljihu. Samed ne ya fara ɗaga tasa sama, ya kashe a gaban kowa yana murmushi. Ɗaya bayan ɗaya lambobi suka ɓace daga fuskar kwamfuta, har saura guda.

"Tana nan," in ji Raihanatu.

Ba wanda ya lura da lokacin da Jibirilu ya sauka daga baranda. Yana tsugune a cikin jerin babura, ya ciro tsinke daga hularsa ya ɗora a kan wata tayar baya. Tsinken ya zauna cikin tsagar daram.

"Nazif, kunna wayarka ka kira mutumin da ya yi hayarka."

Sai ga ƙarar wata waya tana fitowa daga ƙarƙashin sirdin babur ɗin, a daƙushe, kamar daga cikin tulu. Mai ita bai kashe ta ba saboda yana ta jiran kiran makiyayansa da suka gudu.

"Babur ɗin wa ne?" in ji shugaba.

Duk idanu suka juya wuri ɗaya. Murmushin Samed ya bushe a fuskarsa.

"Ni ban fasa kome ba," ya ce da ƙyar. "Wata rana na buɗe waya a bencin nan, na ga shafin magatakarda da sunan Kausara. A buɗe na same shi."

"Tunkiya huɗu ka kawo don a buɗe maka shi," in ji Jibirilu. "Kana jiran a kira salla, mutane su tafi gaban Ubangijinsu, kai ka zauna a bencin baƙi. Sannan ka fi kowa ɗaga murya a kan marainiya."

'Yan sandan da suka zo domin Kausara suka tafi da Samed.

Hayaniya ta kaure. Wasu dattawa suka ce a watsar da manhajar a koma takarda da tambari. Jibirilu, wanda ya yi shekara biyu yana jiran ranar nan, ya ji kansa yana cewa a'a.

"Sawun da na bi a Bawku, da an yi ruwan sama ɗaya ya tafi," ya ce. "Abin yarinyar nan ya riƙe sawun mako huɗu. Kuma mai shi ta tsaya a gabanku ta ce ta yi kuskure. A cikinku wa ya taɓa yi?"

Raihanatu ta gargaɗe su cewa aiki zai yi nauyi, kowane saƙo sai ya buɗe sabon layi ya faɗi sunan mai shi, har ta gama gyaran da zai sa kowane saƙo ya zo da hatiminsa. Shugaba ya ce wanda ke sauri ya zo da wuri. Ya ciro makullin ofis daga aljihu ya miƙa wa Jalil, Jalil ya kai wa Kausara da hannu biyu.

Sai Alhaji Iddi ya tashi. Mutum ne mai jiki da shekaru, wanda bai saba sunkuya wa kowa ba. Ya taka har bakin tabarmar, ya cire hularsa, ya tsuguna a gaban yarinyar da ya haifi kamarta.

"Na zalunce ki da bakina," ya ce. "Ki yafe mini."

Sai a lokacin hawayen Kausara suka zubo. Ta bar su suna zuba, ba ta share ba.

"Na yafe, Alhaji. Amma ba ni kaɗai ba ce. Kwana shida ke nan mahaifiyata ba ta leƙa ƙofar gida ba, ko gaisuwar maƙwabta ba ta iya amsawa. In ni na gaya mata, za ta ce lallashinta nake yi."

Alhaji Iddi ya dafa gwiwa ya miƙe. Direbansa ya ruga zai kawo mota, ya ɗaga masa hannu.

"Nuna mini gidan," ya ce.

Suka ratsa kasuwa a ƙasa da rana tsaka, Kausara a gaba, Alhaji Iddi a bayanta da hula a hannu, jama'a na biye. Masu tuwo suka bar tukwanensu suka shiga ayari. Jibirilu ya tsaya daga baya, ƙirjinsa cike da wani farin ciki da ya kusa fin ƙarfinsa. A ƙofar gidan marigayi Ayyub, Alhaji Iddi ya yi sallama sau uku da muryar da duk zango ya ji.

Sannan aka ji takun tsohuwa a cikin zaure, tana tambayar wane ne.

"Ni ne Iddi na Bawku, Hajiya," ya ce. "Na zo in gaya miki 'yarki ba ta ɗauki kome ba."